Salatif a Kan Makunni

Da muka isa gidan Kaka a Kazaure, ranar da ya cika shekara da rasuwa, salatif ɗin da ya liƙe makunnin tsohuwar kwamfutarsa na fara gani. Da an kashe ta, ko an ɗauke wuta, wasan lissafin da ya rubuta mini sai ya goge. Shi ya sa ya haddatar da ni layukan umarnin da ake rubuta wasan da su. Ina karantowa yana dannawa, yatsunsa na ƙanshin man zafi.

Yakan ce, "Ita mantuwa gare ta, amarya. Ke ce ma'ajiyarmu."

Allah ya haskaka kabarinsa.

Sai na ji Kawu yana cewa 'yan gwangwan za a ba kwamfutar. Na matsa kusa da shi.

"Kawu, don Allah a jona ta sau ɗaya. Ban manta ba."