Allon da ya mayar da mu Lyon

Sallar asuba kawai muka yi muka bar gidanmu na La Courneuve a mota, ni da mai ɗakina. Wajen Baba muka nufa, dattijon da ya ba ni katifa a ɗakinsa na unguwar Goutte d'Or lokacin da na zo daga Maradi ko rigar sanyi ba ni da ita. Yana gidan 'yarsa a wani ƙauye kan duwatsu gaba da Lyon, washegari kuma zai koma Damagaram gaba ɗaya. Shekara shida ban leƙa shi ba. Ba faɗa muka yi ba, na samu shago ne na manta da mutane.

Hanya sumul, sai kuɗin fiton hanya da ke tatsar mutum. Kofin da muka sha a tashar mai ga tsada, ga shi salam. Na tuna shayin Baba, mai kauri, da burodin jiya.

Bayan Lyon muka fara hawa, ƙanƙara na zuba kamar ana tankaɗe. Sai ga allo mai hoton dutse da taya. Nan ne farkon abin da suke kira zone montagne, wato yankin da ƙanƙara ke zuba da yawa. Daga Nuwamba zuwa Maris, ba a shiga sai da tayar sanyi ko sarƙar ɗaura wa taya. Mai ɗakina ta faɗa mini tun a gida. Na ce wanda ya tuƙa mota a rairayin Agadas ba ya tsoron garin ƙanƙara.

Jandarma ya duba tayoyinmu, ya leƙa but ɗin motar bai ga sarƙa ba, ya nuna mana hanyar komawa. Lahadi ce, shaguna a rufe, babu inda za mu sayi sarƙa. A Lyon muka kwana.

Da hantsi muka tarar da Baba a filin jirgi, surukinsa na tura kaya. Ya rame ƙwarai. Na durƙusa.

"A'a, ɗan Maradi! Ashe kana da rai?"

"Baba, ku yafe mini."

"Na yafe tun tuni. Amma tuwon da aka tuƙa maka jiya, ni na ci ɗumamensa. Wannan kam ba ya dawowa."

Minti goma na samu, maimakon yini guda.

Mun iso gida bayan la'asar. Na gane hanyar zuwa wajen mutum ba kullum take a buɗe ba, ni kuwa da take a buɗe ban bi ta ba.