Yatsu Biyu, Bishiya ta Takwas

Shekarun baya, ina karatun ilimin tsirrai a Guangzhou, malamata ta tafi da ni wani tsauni a wajen gari. Akwai bishiyoyin fayin a can, masu ganye kamar allura. Ta sa wa guda goma lamba, tana kyautata zaton ɗaya daga ciki sabon iri ce da ba a taɓa rubuta bayaninta ba. Tana can sama tana yankan rassa, ni ina ƙasa ina rubuta lambar bishiya a jikin jaka. Da ta jefo reshen da take ji da shi, iska ta hana ni jin muryarta, sai ta ɗaga babban yatsa da manuniya. Ni kuwa gwani, na rangaɗa biyu.

Sati uku muna awon ganye da 'ya'yan reshen nan. Duk takardar binciken da za ta tura an gina ta a kan bishiya ta biyu.

Wata Juma'a na je unguwar Dengfeng wurin abokina ɗan Maraɗi mai fataucin wayoyi. Na tambayi mai gadi hawa na nawa, ya yi min irin alamar nan. Na hau na biyu, na yi ta buga ƙofar mutane. Da na kira abokina sai ya ƙyalƙyale da dariya.

"Kai ɗan boko! Ai takwas ke nan a wurin mutanen ƙasar nan. Hawo mana!"

Wallahi nan take na tuna da reshen nan. Litinin za a tura takardar, da sunan malamata a kai, matar da ta tsaya min har aka ƙara min shekara a karatu. Kwana biyu zuciyata tana cewa yi shiru, wa zai sani?

Ran Litinin na same ta a ofis, na ɗaga mata yatsun, na ce abin da na rubuta.

"Ɗauko takalminka," ta ce.

Muka koma tsaunin. Ga yankan nan ɓaro-ɓaro a jikin ta takwas. Ta biyu kuwa fayin ce gama-gari. Ba ta yi min faɗa ba, biro kawai ta miƙo min na gyara da hannuna.

Kuskuren na daɗe da yafe wa kaina. Abin da har yau yake tayar min da tsigar jiki shi ne, sai da na kwana biyu kafin na zaɓi faɗa mata.