Kaset ɗin Hajiya da Kwamfutar Baffa Nura

Ina 'yar firamare muna zaune a unguwar Sanyuanli a ƙasar China, babana yana yi wa 'yan kasuwar Kano lodin kaya. Kakata Hajiya Rabi, wadda na ci sunanta, ta zo ganin likitan ido ta yi sanyi guda tare da mu. Ba murhu, ba tsakar gida. Bayan magariba sai mu kewaye hita mai ɗumama ɗaki, ita tana mita wai wutar da ba ta hayaƙi ba wuta ba ce.

A kusurwar falon akwai kwamfutar Baffa Nura, ƙanen babana da ke karatu a jami'a. Tsohuwar ƙirar Japan ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, ya tsinto ta a kasuwar tsofaffin kayan lantarki. Maɓallanta a jikinta suke, ɗauke da rubutun Japanawa, gilashinta bai san wani launi ba sai kore. Wutar China ta fi ƙarfinta, sai da taransifoma. Ƙwaƙwalwarta kuwa abin tausayi, da an kashe ta duk abin da aka rubuta ya bi iska. Shi ya sa aka yi mata gidan kaset a gefe, tana adana aikinta a kan kaset irin na rediyo.

Ranar da Baffa ya yi wa Hajiya wannan bayani, sai ta gyara zama.

"Takwara, matso. Ai na san garin su wannan abar."

Ta ce an yi wani gari da mutanensa ke mance komai da zarar sun yi barci. Uwa ta farka ba ta san ɗanta ba. Sai wata tsohuwa mai kaɗi ta ɗauki nauyinsu. Da yamma kowa ya zo ya faɗa mata sunansa da na 'ya'yansa, ta ƙulla a zare, da safe ta warware ta mayar wa kowa nasa. Rannan wani saurayi maɗinki ya rasa zare, ya ga nata a rataye, ya ɗauka ya ƙarasa rigarsa.

"Riga ta yi kyau," in ji Hajiya. "Amma gari ya waye, shi kansa bai san ta wane ne ba."

Baffa Nura yana wurin. Har dariya ya yi, ya ce, "Hajiya, wannan maɗinkin ai sakarai ne."

Kafin ta koma Kano, ta sa babana ya kawo rediyo, ta cika mini kaset guda da tatsuniyoyinta. Da hannunta ta miƙa mini. Ba wanda ya tuna ya karya ɗan haƙorin nan na gefen kaset, wanda karya shi ke hana a ɗauki wani abu a kai. Ba ta sake ganin wani sanyin ba, Allah ya yi mata rasuwa.

Bayan an share makoki na ɗauko kaset ɗin na kunna. Abin da ya fito tsuwa ce mai tsaga kunne, kamar ana goga ƙusa a kwano. Na juya ɗaya gefen, ita ce dai. Na tarar da Baffa a gaban kwamfutarsa.

"Baffa, me ya sami kaset ɗina?"

"Wallahi na zaga kasuwa neman sabon kaset, kowane shago sai su ce meyo, babu. An daina yayinsa. Na ɗauka na wa'azi ne da muke da irinsa."

Na tambaye shi me ya adana. Ya sa kaset ɗin a kwamfutar, ta daɗe tana gurnani, sai ga wani ɗigo kore yana tsalle daga bango zuwa bango. Wasa ne ya ƙirƙira. A kan wannan ɗigon ya shafe muryar kakata, uwar da ta haife shi.

An ce in yi haƙuri, ba da gangan ya yi ba. Na sani. Maɗinkin ma ba da gangan ya yi ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi da na girma. Hajiya ba mugu ta gargaɗe mu da shi ba, mai gaggawa ne da ke ganin abin wani bai kai buƙatarsa ba. Baffa ya ji gargaɗin da kunnensa, ya yi dariya.

Kwamfutar ta ƙone tuntuni, ranar da ya mance taransifoma. Kaset ɗin yana nan wurina. In na jure tsuwar har ƙarshen gefe na biyu, akwai ɗan abin da bai kai ga shafewa ba. Ana jin tari, sannan muryarta: "Takwara, kin ji ko kin yi barci?"

Na ji, Hajiya. Ɗanki ne bai ji ba.