Wuƙar Yaya Hamza Ba Za Ta Koma Kube Ba

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Hamza makwancinsa a nan Madina, kuma tun ranar ban taɓa rubuta masa ko layi ɗaya ba. Bana dole ce ta sa. Ranar Asabar mai zuwa kwamitin da ke shirya sabon tseren motoci a bayan Badr zai zauna don ya soke doka guda cikin dokokin da ya bari. Ina cikin kwamitin nan, kuma na riga na gaya musu hannuna ba zai ɗagu ba.

Ga wanda bai san shi ba, Hamza wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kakanmu ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya sauke farali, ya zo ziyara Madina, bai sake komawa ba. Mu a nan aka haife mu. Ni na ƙarar da ƙuruciyata ina tuƙa manyan motocin alhazai daga miƙatin Bi'ir Ali zuwa Makka. Shi kuwa ɗan shagon faci gare shi, banshar kamar yadda ake cewa a nan, kuma shekara arba'in ya yi a tsugune gaban taya. Gajere ne, ga saurin fushi, hannuwansa ko ranar Idi ba sa fita tas. In ka tsaya da mota don ka gaishe shi, sai ya gama zagaya tayoyinka kafin ya amsa maka sallama. Matarsa kan ce da ta san haka ne, da ta zo gidan aure a kan wili.

Tseren nan da ake ta yi wa kirarin sabo, mu muka fara shi da hannu. A lokacin samarinmu suna ta hallaka kansu da wasan mota a titunan gari, kowane 'yan watanni sai an je ta'aziyya. Wasu makanikai da direbobi suka ce tunda ba za a iya cire wa yaro son gudu ba, a nema masa inda zai yi shi ya dawo gida. Aka sami wani shimfiɗaɗɗen fili bayan Badr, wajen teku, ƙasa mai tauri da farin gishiri a samanta. Aka sha zirga-zirga kafin a sami izini. Ba tsere ba ne na kafaɗa da kafaɗa. Mota ɗaya ake saki a miƙe, a auna gudunta, ta tsaya, sannan a saki ta biyu.

Yaya Hamza ne ya rubuta dokokin, a bayan kwalin man inji. Ba a sakin mota sai mun taka filin kaf da ƙafa mun tsince duwatsu, mun duba ko raƙuma sun ratsa. 'Yan kallo duk bayan layin tashi. Motar asibiti da abin kashe gobara su iso kafin kowa. Sai ta ƙarshe, wadda ya fi ji da ita: ba motar da za ta taka filin sai ya duba tayoyinta. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Su yake fara karantawa, sannan ya danna gefen da babban yatsa yana neman tsaga. Yakan ce zafin ƙasar nan yana cin roba ko tana ajiye a ɗaki, kuma taya tana tsufa ko ba ta taɓa taka titi ba.

A taron tseren farko babu maganar wuƙa. Tayar da ya ƙi, alli yake sa mata, ya zana gicciye a gefe. Ranar ya ƙi tayoyi huɗu na motar ɗan wani attajiri. Ka gan su ka rantse jiya aka sauke su daga jirgi, ko ɗan gashin robar nan na sabuwar taya bai kaɗe ba. Amma lambar ta nuna sun shekara shida a ajiye. Yaron ya yi fushi, ya sa aka kwance su, ya watsar a wurin ya yi tafiyarsa.

Abin da ya biyo baya ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kwanan nan, ko matata ba ta sani ba. Ni na kwashe tayoyin nan. Na kai su gida, na jiƙa tsumma na goge allin. Akwai wani bawan Allah, Isuhu, mutumin Maraɗi, yana aiki a kan igama, wato takardar izinin zama, yana jigilar dabino da ƙaramar motar ɗaukar kaya daga gonakin Badr zuwa Madina. Masallacinmu ɗaya, kuma na sha ganin tayoyinsa sun suɗe kamar tafin hannu. Na ce a raina, dokar Yaya ta masu tsere ce, wannan kuwa dabino yake ɗauka. Na kira shi na ba shi su kyauta. Ya yi ta sa mini albarka har na ji kunya. A gidanmu haka aka tashe mu, abu mai sauran amfani ba a yar da shi, a nemi mabuƙaci a ba shi. Wallahi lada nake nema.

Ba a yi wata biyu ba tayar gaba ta fashe masa da tsakar rana, da cikakken lodi. Motar ta ƙwace ta yi ta juyawa. Ya sha da ƙyar, amma sai da aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. Direban da ba ƙafa ba shi da aiki, wanda ba shi da aiki kuwa ba shi da zama a ƙasar nan. Da ya warke aka sa shi a jirgi.

Yaya Hamza ya je inda aka jawo motar, don shi ba ya jin labarin fashewar taya ya zauna. Ya tsuguna ya karanta lambar. Bayan la'asar sai ga shi a ƙofar gidana, bai ko zauna ba.

Ya ce, "Sani, tayoyin nan huɗu da na sa wa alli, ina suka tafi?"

Na sunkuyar da kai. Na ɗauka zai mare ni, da furfurata da komai, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Amma sai ya ce, "Laifina ne. Ni na bar su da rai."

A taro na biyu ya zo da wuƙa, wata gajera mai ƙotar itace da yake yanka roba da ita a shago. Duk tayar da ta faɗi, nan take a gaban mai ita zai luma mata wuƙar a gefe, inda ba ta facuwa. Ya ƙara layi ɗaya a jikin kwalin nan, kuma layin ne ake son sokewa ranar Asabar.

Abin da ya sha a kan wannan doka Allah kaɗai ya sani. Samari suka sa masa suna Jazzar, wato mahauci. Wasu suka ce so yake a dawo shagonsa a sayi sababbi, alhali shi ba ya ma sayar da sabuwar taya. Wanda ya fi yi masa ciwo wani dattijo ne, abokin mahaifinmu, da ya tare shi a gaban jama'a ya ce, "Hamza, ka ji tsoron Allah. Wannan almubazzaranci ne. In ba ta yi wa masu tsere ba, ai sai a ba talaka."

Yaya ya ce, "Baba, ai don talaka ne zai hau ta shi ya sa nake yanka ta."

Ina tsaye a wurin. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta wanke shi ta jefa ni, amma bai ko dubi inda nake ba. Ni ma ban buɗe baki ba. Haka na bar shi yana shan zagi har ciwon zuciya ya ɗauke shi, tseren kuma ya watse bayansa. Na yi masa wanka da hannuna, ina sane da cewa ya tafi da asirina a rufe. Wannan abu yana cina har yau.

Wani lokaci nakan zauna in ce, da zai leƙo yanzu me zai ce? Shagonsa ya zama wurin sayar da gahawa, yara na zaune da wayoyi daidai inda yake tsugunawa. Filin da muka taka da silifa yanzu injiniyoyi ne ke auna shi. Akwai na'urar da ke kama gudun mota ba sai an danna agogo ba, akwai hular kwano da rigar da ba ta cin wuta, akwai kamfanonin da ke son manna sunansu a kowane allo. Duk wannan zai so shi, ko da yake ba zai nuna ba. Abin da zai sa ya riƙe baki shi ne 'yata Maryam, wadda yake goyawa a kafaɗa zuwa shago. Ya rasu kafin mata su fara tuƙi a ƙasar nan. Yau ita injiniya ce, kuma ta sa sunanta cikin masu gudu. Na san shi sarai. Zai yi mita ta kwana uku, a na huɗu a same shi tsugune gaban motarta.

'Yan kwamitin ba mugaye ba ne. Yara ne masu ilimi, da yawansu 'ya'yan waɗanda muka tsinci duwatsu tare. Dokokin Yaya duk sun ɗauka, har sun ƙara da nasu masu kyau. Ta wuƙar ce kawai suka ce ba ta dace da zamani ba. Wai tsoho da wuƙa a bakin ƙofa ba zai yi kyau a hoto ba, wai masu motoci za su yi ƙorafi. A maimakonta za a fesa wa tayar jan fenti, a shigar da lambarta a na'ura, a mayar wa mai ita. Maryam ma tana bayansu. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Larabci, ƙarshe ta haɗa duka biyun ta ce, "Khalas ya Baba, ya isa haka, fenti ai ba alli ba ne." Ba ta san da wa take magana ba. Fetur kaɗan da tsumma sun isa, kuma na'urarsu ba ta bin taya zuwa gonar dabino.

Kafin in zauna rubuta wannan, na yi abin da ya kamata in yi tun Yaya yana da rai. Na kira Isuhu. Duk Sallah shi yake kirana daga Maraɗi, ya tambayi iyali, ya yi mini godiyar zaman da muka yi, ni kuwa in yi ta amsawa kamar mutumin kirki. Wannan karon na gaya masa komai, da allin, da tsumman. 

Sai ya ce, "Alhaji, ai na gani. Ba ka goge ta baya da kyau ba, da sauran allin a jiki. Na kuma san alamar Malam Hamza ce."

Na ce, "To don Allah me ya sa ka ɗaura su?"

Ya ce, "Haba Alhaji. Babba kamarka ya kira ni har gida ya ba ni kyauta, in ce masa ba na so? Da wane bakin?"

Ya ce ya yafe tun tuni, ƙaddara ce. Na gode masa, amma yafiyarsa ba ta mayar masa da ƙafa ba. Abin da ya faɗa shi ne abin da Yaya Hamza ya gane tun ranar da ya tsuguna gaban motar nan, ni kuwa sai yanzu. Mu mutane ne da ba ma iya yar da abu mai kyan gani, kuma ba ma iya mayar da kyauta. Mai bayarwa yana neman lada, mai karɓa yana jin nauyi, a tsakaninsu ba wanda zai ce a'a. Halinmu ne mai kyau, ba na so mu rabu da shi. Amma muddin tayar nan tana riƙe iska, sai ta sami wanda za a yi wa alheri da ita. Yaya bai yarda da alli ba saboda ya san ƙaninsa, kuma duk unguwarmu irina ne.

Saboda haka ga amsata ga kwamiti, tun kafin Asabar. Ku kaɗa ƙuri'arku. In kun rinjaye ni, ku cire sunana daga takardarku, ku kuma tanadi wanda zai ɗauke ni daga bakin ƙofa, don can za ku same ni. Wanda ya ce almubazzaranci ne, ga lambar Isuhu a wayata, ya kira shi ya yi masa bayani. Shekarun da na yi shiru ana zagin wana sun ishe ni.

Kabarinsa ba shi da alama, kamar na kowa a garin nan, ko ni ba zan iya nuna maka daidai wurin ba. Bai bar gida ba, bai bar shago ba. Kwalin da ya rubuta dokoki ya yage tuni. Abin da ya rage wuƙar ce, da matarsa ta miƙo mini ranar sadakar uku, sai kuma mutanen da ke yawo a Madina da ƙafafunsu, ba su ma san albarkacin wa suke ci ba. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe mini abin da na bar ka ka ɗauka kai kaɗai.

Jiya da safe na fito zan tafi unguwar Anbariyya, na tarar da motar tseren Maryam a ƙofar gida, an ɗaura mata tayoyin baya masu sheƙi. Gwiwoyina ba sa son tsuguno yanzu, amma na tsuguna. Lambar ta nuna shekara biyar da 'yan watanni, kuma da na danna gefen ta hagu na ga tsaga siririya kamar gashi. Na shiga ɗaki na fito. Maryam ta gan ni da wuƙar ta biyo ni da gudu, yau har da Hausa tsantsa.

Ta ce, "Baba, kar ka yi! Kyautar Kawu ce fa, shi ya kawo mini da kansa!"

Na ce, "Na sani."

Na luma wa ta hagu, na zagaya na luma wa ta dama. Daga baya kawun nata ya aiko cewa na ci masa mutunci, uwarta ta ce na haukace. Maryam kuwa ko kallona ba ta sake yi ba. Ta juya ta shige gida, ta haye sama a fusace. Ina tsaye da wuƙar a hannu ina jin takunta a kan matakala, ƙafa biyu, har ta kai ƙarshe ta buga ƙofa.