Goggo Ba Ta Korar Baƙo

Ni ban san acaɓa a Jimeta ba sai a bakin manya. Ban ma shiga firamare ba aka hana shi, lokacin da hankali ya tashi, mutanen Mubi da Michika suka cika gari har ɗakin girkinmu ya koma ɗakin kwana. Da keke mai ƙafa uku na buɗe ido: uku a baya, ɗaya a gefen direba, buhun wani a kan ƙafarka. Shi ya sa ranar da na sauke manhajar kiran mota a wayata na ji kamar ni na ƙirƙiro ta. Na zuba ta a wayar Mama, na zuba a ta Adda, babbar yayata.

Sai matar Bappa, ƙanen Baba, ta haihu a Mbamoi, can cikin Yola. Baba ya tafi can ya kwana, ya bar kwandon goro da dabinon raɗin suna a gidanmu na Jambutu. Ya ce a fita da wuri a tari keke, domin ƙarfe bakwai liman zai zauna. Na ce ai an wuce wannan zamanin, a bar mini zancen mota. Ya dube ni, ya ce idan dattawa suka shafa fatiha babu goro, wayar nan ta zama tasa har na gama sakandare.

Ƙarfe shida na danna. Wata 'yar mota ta fito a kan taswira, aka rubuta minti uku. Minti ukun nan, wallahi da na ɗora wake da ya nuna. Direban ya kira yana tambayar sunan layinmu. Layinmu ba shi da suna. Na ce ya shigo ta inda aka sare dalbejiya. Ya ce shi baƙo ne, ta yaya zai gane bishiyar da babu ita?

Nan dabara ta zo mini. Na ɗauki wayar Mama na kira wata, na ɗauki ta Adda na kira ta uku. Wadda ta riga zuwa mu shiga, sauran in soke su. Haka kowa yake yi a ajinmu.

Kuskurena ɗaya, na yi bayanin a gaban Goggo, yayar Baba, wadda ta zo daga Girei don sunan. Ta ajiye kofin kununta ta tambayi mene ne sokewa. Na ce ba komai, za a dai gaya wa mutum ya koma.

"Ke kika kira shi?"

"Waya ce ta kira, Goggo."

"Waya ta san ƙofar gidan ubanki? Mutum ya baro shimfiɗarsa saboda ke, ki ce ya koma? Ba a gidan ƙanena ba."

Ta tattara wayoyin uku ta cusa a lalitarta.

Direbobin da suka kasa gane mu ɗaya-ɗaya, sai ga su sun gane mu a tare. Biyu suka shigo ta gabas, ɗaya ta yamma, a layin da ko kurar mai ruwa sai ta karkace take wucewa. Suka tsaya hanci da hanci. Bayansu mai ruwa, bayan mai ruwa keken 'yan makaranta, bayan wannan kuma motar da maƙwabciyarmu Malama, mutumiyar Numan, ta kira don kada ta makara wurin aiki. Hon ya tashi, hayaƙi ya cika layi, kajin Mama suka hau katanga. Na tabbata an ji mu har gadar Binuwai.

Goggo ta fito da tabarma da tulun kunu tana musu jabbama, wato sannu da zuwa. Ta tambayi kowane direba garinsu da lafiyar iyalinsa. Na yamman ya ce shi ba zai ja baya ba, taswira ta ce nan ne. Ɗaya daga cikin na gabas ya ce tasa ma haka ta ce. Sai suka ci gaba da gardamar da kofi a hannu.

Bakwai saura ashirin da biyar. Mota uku a ƙofar gida, goro bai motsa ba.

Malama ce ta cire takalmanta masu tsini ta riƙe a hannu. "'Yata, ɗauko kwandon nan. Ƙafa ba ya jiran netwok."

Na ɗora kwandon a ka, muka kutsa ta tsakanin motoci da bango, muka fita bakin titi. Keken farko da muka ɗaga wa hannu ya tsaya. Akwai mutum biyu a ciki da buhun gawayi. Ban taɓa jin son buhun gawayi irin na ranar ba. Malama ta sauka a makarantarsu, ni kuma na roƙi mai keken ya wuce da ni Yola, ina karanta duk addu'ar da na iya, har da ta shiga banɗaki.

Na isa liman yana gyara zama. Baba ya karɓi kwandon, ya dubi baƙin gawayin da ke jikin atamfata, ya tambayi ina motar zamanin. Na nuna masa keken yana juyawa. Bai nemi wayar ba, don goro ya riga fatiha.

Wajen tara, ana cikin fiɗar rago, sai ga mota uku a jere. Goggo a ta farko ita kaɗai, Mama a ta biyu, Adda a ta uku tana ɓoye fuska. Goggo ta raba su ne don kada wani direba ya ji an fifita ɗan'uwansa. Ta kuma hana direbobin tafiya sai da suka ci masa da miya.

Har yau a Girei ana ba da labarin yadda 'yar ƙanenta ta kai ta suna da jerin gwano. Duk zuwan da ta yi kuma sai ta miƙo mini wayarta mai maɓallai, ta ce in zuba mata abin nan na kiran mota.