Hannun Griselda Ya Riga Idonta

A mahaƙar tagulla da ke bayan garin Calama kowa tsoho ne. Yaron da aka ɗauka aiki jiya tsoho, injiniya tsoho, haka suke kiran juna. Ita kuwa Griselda Araya ba da wasa ake ce mata tsohuwa ba, don ta ci sunan. Tun mata ba sa kusantar ramin ta shiga tuƙin tifa, irin wadda tayarta kaɗai ta fi ɗaki tsawo. Ta yi aure tana tuƙi, ta haifi 'yarta tana tuƙi, mijin ya gaji ya koma kudu ya bar ta tana tuƙi. Ba ta tara abin duniya ba, bayanta ma ya lalace. Abin alfaharinta ɗaya ne, kuma ba ta gajiya da faɗa: ba ta taɓa taka ɗan Adam ba. Burinta ta ajiye aiki hannunta ba jinin kowa.

Ana nan sai kamfani ya kawo tifofin da ke tuƙa kansu. Aka sallami direbobi da dama, ita aka ce ta yi sa'a. Sa'ar ita ce kujera mai juyawa a wani ɗaki mai sanyi, nesa da ramin, da allunan kwamfuta jere a gabanta. Motocin na ɗauko dutse suna kaiwa suna dawowa, ba mai gaishe su, ba su gaishe da kowa. In ɗaya ta hango wani abu a hanya sai ta tsaya cak, ƙararrawa ta yi ƙara a ɗakin, Griselda ta dubi hoton kyamara, in ba komai ta danna maɓalli motar ta wuce. Aikin ke nan. Wanda bai yi ba zai ce hutu ne, amma ita ta san gajiyar zama a jira abin da ba ya faruwa ta fi ta sitiyari cin rai. Tana komawa gida da kai mai nauyi kamar wadda ta wuni jinya.

Abin da ke tsayar da motocin, kusan kullum, dila ne. Ma'aikatan ramin sun saba jefa wa dilolin hamada ragowar burodin rana, kamfani ya hana, ya kafa alluna, amma wa ya ji? Babban mai laifin ma shi ne Evaristo Colque, mai gyaran hanyoyin ramin, wanda ya tsaya wa 'yar Griselda a matsayin uba ranar da aka yi mata baftisma a coci. Abotarsu ta tsufa da tsiya da dariya. Takan zage shi ta oba-oba, ta ce ya tara mata 'ya'yansa a kan hanya. Shi kuma yakan ce su ma leburori ne, abinci suka zo nema kamar kowa, ta bar su su ci.

Wannan dila, wancan dila, wancan leda ce iska ta kwaso. A farkon zuwanta kowane hoto sai ta ƙura masa ido. To amma mai kula da su, Don Leopoldo, yakan tsaya bayan kujerarta da kofin shayinsa yana tsaki, yana cewa duk tsayuwar mota asara ce, daga sama ake tambayarsa. Ba mugu ba ne, shi ma tura shi ake yi. Yau da gobe ba ta bar komai ba. Sannu a hankali hannun Griselda ya koyi aikin ya daina jiran ido. Ta lura da haka, abin ya kuma ba ta tsoro, ta sha yi wa kanta faɗa a motar komawa gida. Kashegari ƙararrawa ta yi ƙara, hannun ya sake zuwa da kansa. Sabo turken wawa, kuma ba wawa kaɗai yake ɗaurewa ba.

Ranar da abin ya faru bayan abincin rana ne, lokacin da ido ke nauyi. Ƙararrawa ta yi ƙara daga kwanar da dilolin suka fi taruwa. Griselda ta danna. Bayan ta danna ta ɗaga kai, ta ga a-kori-kura tsaye a tsakiyar hanya, da mutum cikin rigar lemu a gefenta.

Motar Evaristo ce ta mutu masa a kwanar, na'urar da ke sanar da tifofi inda yake ta mutu tare da batirin. Da ya hango tifa tafe da lodi sai ya fito ya ɗaga mata hannu, yadda ya saba ɗaga wa direbobi tun yana saurayi. Da ta tsaya, ya ɗauka an gan shi, ya juya ya sunkuya cikin motarsa yana neman oba-oba.

Griselda ta daki jan maɓallin da ke tsayar da komai da tafin hannunta, har sai da kofin Don Leopoldo ya faɗi. Amma mota mai wannan nauyi ba ta tsayawa don an so. Ta tura a-kori-kurar gaba kaɗan, a-kori-kurar ta danne ƙafar Evaristo da dutsen gefen hanya. Likitoci sun ceci ransa, ƙafar kuwa daga gwiwa suka yanke.

Aka ce ta zauna a gida har masu bincike su gama. Ba ta iya zaman ba. Ta san za su je wurin Evaristo su faɗi yadda aka yi, ta ga gara ya ji daga bakinta. Ta dafa romon kaza da masara irin wanda yake so, ta ɗauki tukunyar ta nufi asibiti.

Ta same shi ya rame, amma bakin nan yana nan. Matarsa Fresia na zaune gefen gado tana ɓare masa lemo. Yana ganin Griselda ya fara tsiya, wai yanzu takalmi ɗaya zai riƙa saya, ya huta. Sai ya kama hannunta, hannun nan dai, ya riƙe da ƙarfi.

"Na gaya wa Fresia, na gaya wa likita," in ji shi. "Da wani ne a kujerar nan ba ke ba, da yanzu na mutu ana kunna mini kyandir a bakin hanya. Motar ce ta yi haukarta, ke kika tsayar da ita. Na san ki, tsohuwa."

Fresia ta ce sun sa a yi wa Griselda addu'a a coci ranar Lahadi. Griselda ta ji kunya da baƙin ciki. Da ta yi shiru da an rabu lafiya, ko da na 'yan kwanaki ne.

"Motar ta gan ka, tsoho," ta ce. "Ta gan ka ta tsaya. Ni na sake ta. Na danna ban duba ba, na ɗauka dila ne."

Fresia ta daina ɓare lemon. Evaristo bai zare hannunsa ba, sai dai riƙon ya saki a hankali. Ya daɗe yana kallon inda bargo ya kwanta a wurin da ƙafa ya kamata ta kasance. Bai yi fushi ba, da ya yi ma da ta fi samun sauƙi.

"Haba tsohuwa," ya ce, muryarsa a gajiye. "Da kin bar ni na ƙara kwana biyu ina gode miki. Abin da nake riƙe da shi ke nan."