Takardar Yaya Balarabe da Matan da Ba Su Ciki

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka ɗauki Yaya Balarabe daga zauren gidanmu na cikin birnin Zariya zuwa makwancinsa. Bana na kai shekarun da ya rasu a kansu, hamsin da biyu, kuma tun da shekarar ta kama na kasa zama wuri guda. Kullum da safe sai na ja fatar idona a gaban madubi, ina duba ko farin ya fara komawa rawaya.

Haka nasa ya fara. Muka ce shawara ce, domin a gidanmu duk idon da ya yi rawaya shawara ce. Wata uku ana ba shi jiƙe-jiƙe da tsimi, yana ramewa, yana dafe ciki da baya, yana kuma tsokanata cewa ni ne zan gaji rigunansa. Ko da muka kai shi asibiti, likita ya ce ciwon daji ne a fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, kuma mun makara. Masu ta'aziyya muka ce musu ciwon ajali ne. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan wata ukun.

Yaya ma'aikacin kotu ne, mutum mai son rubutu. Abin alfaharinsa takardar nasabarmu, wadda ya rubuta da ajami: wane ɗan wane, har kaka na tara. Baƙo bai isa ya tashi daga zaurenmu ba sai an karanta masa ita.

'Yarsa Bilkisu tana sakandare ya rasu, yanzu likita ce. Da ta dawo daga ƙaro karatu a Ingila ta zaunar da ni. Ta ce yawancin masu wannan ciwo ba gadonsa suka yi ba, amma akwai gidajen da wata tawaya ke bin ƙwayoyin halittarsu daga iyaye zuwa 'ya'ya, kuma a can an fara gano ta da gwajin jini. Gwajin ba ya cewa wane zai kamu, yana dai nuna wanda ya kamata a sa wa ido. Kafin jini kuwa, tana son sanin wa ya rasu a dangi, kuma da wane ciwo. Na tashi da kuzari na ɗauko mata takardar mahaifinta, ina jiran yabo.

Ta karanta har ƙasa, ta ɗago kai. “Baffa, ina matan?”

Babu mace ko ɗaya. Ko Inna da ta haife mu ba ta ciki, ga shi mu mun tashi ba ma faɗin sunanta saboda kunya. Sai a lokacin na tuna ita ma da rawayan ido ta tafi.

Mutum ɗaya ya rage da ya san dangin Inna, wato Yafendo, ƙanwarta da ke zaune a unguwar Gyallesu. Sau biyu ina zuwa tana korata. “Garba, so kake a ce gidanmu gidan ciwo ne? Wa zai nemi 'ya'yanku?” Tsoron nan ni ma ina da shi, 'ya'yana mata huɗu ne. A zuwa na uku na ce mata jikokinta nake tsoron mu yi wa jiƙon shawara har wata uku. Sai ta fara lanƙwasa yatsu: Inna da Kawu Sule da shawara, yayarsu da ciwon nono, mahaifiyarsu da ciwon ciki. Ta ce, “Shekara nawa ina riƙe da su, ba wanda ya taɓa tambayata.”

Ina yawan tunanin me Yaya zai ce da wannan zamani da ake karanta asalin mutum a ɗigon jini. Na san zai fara da faɗa, ya ce ajali ba ya cikin kwalba. Amma na san shi, kuskure a rubutu ba ya barinsa ya huta. Da ya ga rabin danginsa babu su a takarda, da kafin la'asar yana Gyallesu da alƙalami.

Abin da ya bar mana ke nan, ɗabi'ar rubuta mutane don kada su ɓace. Makon jiya na juya bayan takardarsa na fara da sunan Inna, Hauwa'u, karo na farko da hannuna ya rubuta shi. Gaban kowane suna na sa ciwon da ya ɗauke shi, na Yaya ma na kira shi da sunansa. A ƙasa na sa nawa da na 'ya'yana huɗu, gabansu fari fat.

Bilkisu ta ce da jinina za a fara, tunda ni ne ƙanen Yaya da ya kai shekarunsa. Wata biyu ina ce mata sai na yi shawara. Ranar Litinin zan je in naɗe mata hannun riga. Rigar ma ta Yaya ce, Allah Ya jiƙansa.